Ki Karɓi Farantin Tun a Tayin Farko

Birnin Kudu, ranar Juma'a.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin kariyarsa, ke da mutanen da kike hannunsu. Allah ya tsare min ke daga sanyin Amurkan nan da sharrin duk abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, amin. Za ki lura ban tambaye ki lafiyarki ba. Da gangan na ƙi, don na haddace amsar. Mako bakwai ke nan kina cika min kunne da "lafiya lau, Inna", ni kuma ina ta hamdala kamar wata sakarya.

Shi ya sa na ajiye waya na ɗauki biro. A waya ki ce lafiya lau, in ce lafiya lau, a gaida wance, a gaida wane, kati ya ƙare. Takarda kuwa ba ki da damar katse ta. Babanku zai ɗauki hotonta ya turo miki. Kada ki nemi labarin gida a ciki. Kowa yana nan yadda kika bar shi, an gama yankan gero, iyakar labarin ke nan.

Shekaranjiya Malam Garba, jami'in nan da ya yi muku cuku-cukun tafiya, ya same ni a asibiti ina tsakiyar awon masu ciki. Ya ja ni gefe ya fassara min saƙon da malamar da ke kula da ku a can ta aiko. Linda, matar gidan da aka sauke ki, ta je ofishin malamar tana kuka. Ta ce tun ranar da kika sauka, duk sanda ta kira ki cin abinci sai ki sunkuyar da kai ki ce kin ƙoshi, kin gode. Sai ta rufe naki ta sa a firji, ta ce yana nan duk lokacin da kike so, ke kuwa ko murfin firjin ba ki taɓa taɓawa ba. A makaranta burodi da tuffa kawai ake ganinki da su. Makon jiya jiri ya kwashe ki a kan matakala, aka ɗora ki a sikeli, mai jinyar makarantar ta riƙe baki. Da Linda ta shiga share ɗakinki sai ta tarar da gwangwanin ƙuli-ƙuli wayam da ƙwallayen dabino a ƙarƙashin gado. Yanzu sun yanke magana: in wata ya ƙare ba ki fara cin abinci kamar mutane ba, za su sa ki a jirgi su dawo mana da ke, don ba za su riƙe 'yar mutane tana ramewa a hannunsu ba.

Ummi, ashe ƙuli-ƙulin da na cusa miki a jaka don marmari shi kika mayar tuwon rana da na dare? Ke da kike share malmala biyu a gidan nan har ki leƙa tukunya neman ƙanzo? Wallahi da Malam Garba ya gama magana ban san ko kuka zan yi ko dariya ba. Haushi ne ya ci ƙarfinsu duka biyun, har na ɗaura wa wata baiwar Allah abin awon jini a bisa hijabinta.

Kin manta yaƙin da aka sha kafin ki taka jirgin nan? Sau biyu Baffanki Alhaji Sule yana tasowa takanas daga Wurno. Ya zauna a zaure ya ce, "'Ya mace a gidan Nasara, shekara guda cur? Wa zai kula da cinta? Wa zai kula da sallarta?" Ni ce na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Yaya, a yi haƙuri a bar ta. Yarinyar nan tana da hankali, ba za ta ba mu kunya ba." To ga shi nan. In aka sauke ki a Kano da ƙasusuwan wuya a waje, ba zai ma yi faɗa ba, carbinsa kawai zai ja ya dube ni. Daga ranar kuwa babu wata 'ya mace a dangin nan da za a sake bari ta je karatu ko da Dutse ne.

Na san abin da kike yi, ba sai kin faɗa min ba. Jira kike a sake yi miki tayi. A nan gida baƙo ya ce ya ƙoshi, mai gida ta ce haba dai, ya ce wallahi yanzu ya ci, ta ce ko raina abincinmu ka yi, sai a karo na uku ya wanke hannu, kowa ya fita kunyar kowa. Linda ba ta san wannan rawar ba. Malam Garba ya ce a wurinsu in mutum ya ce a'a ka ci gaba da matsa masa, kai ne marar ladabi. Ke nan ke kina can kina ladabi, ita ma tana can tana ladabi, yunwa tana cin 'yata a tsakani.

Na so in zauna in zazzage miki kwandon faɗa, amma da na ɗauki biron sai na tuna barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba.

Ina da shekara ashirin aka tura ni aikina na farko a ƙaramin asibitin Yalwan Damai. Damina ce, ruwa ya cinye hanya, motar da ta ɗauko min buhun hatsi da risho da tukwane ta maƙale, aka ce sai ranar kasuwa. Na isa daga ni sai jakar tufafi. Aka haɗa ni ɗaki da ungozomar wurin, Sista Nkechi, Kirista ce daga can kudu, ta girme ni sosai, tana jin Hausa daidai ta aiki. Ranar farko ta dafa shinkafa da miyar busasshen kifi, ƙamshi ya cika ɗakin. Ta ce, "Zo mu ci." Na ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Ta ce, "To." Ta ci abinta, ta rufe tukunya, ta wanke hannu.

Na zauna a bakin katifa ina jiran ta sake magana, har ta ɗauki tsintsiya ta fita. A raina na ce ban taɓa ganin marowaciya irin wannan ba. Ni kuwa goyon Dada ce, kakata ta Farin Dutse, Bafulatanar da ke cewa mace mai daraja ba a ganin motsin bakinta a gidan mutane. Sai na ɗaure. Kwana uku ina kan soyayyiyar gyaɗa ta ƙullin leda da ruwan randa. Safe da yamma Sista ta ce in zo mu ci, safe da yamma in ce na ƙoshi.

A rana ta uku da hantsi aka kawo wata mata a amalanken shanu, naƙuda ta yi mata tsanani. Sista tana kanta, ni ina riƙe da tiren kayan aiki da muka tafasa. Ban san sanda ɗakin ya juya ba. Na farka a ƙasa, almakashi can, zare can, surukar matar tana yi min fifita da faifai. An bar mai naƙuda an koma jinyar ma'aikaciya. Dole aka sake hura wuta aka tafasa kayan, matar tana ta salati, Sista tana aiki ita kaɗai da hannu biyu. Allah ya rufa asiri aka sauka lafiya.

Bayan an sallame su Sista ta tsare ni a bayan asibiti. Ta ce, "Yaushe rabonki da abinci?" Na ce ban daɗe ba. Ta ce, "Ƙarya kike. Sau biyar na kira ki, sau biyar kin ce kin ƙoshi. Ni ungozoma ce, ba mai duba ba ce. In kina jin yunwa ki ce kina jin yunwa. Da matar nan ta rasa ɗanta saboda kunyarki fa, me za ki gaya wa Allah?" Sai muryarta ta karye, ta ce ita duk zatonta don ita Kirista ce nake ƙin abincinta, wai ina ganin tukunyarta najasa ce. Ta ce a ƙasar nan ba ta da kowa, ta yi murna an kawo mata abokiyar zama, sai ga shi abokiyar tana ƙyamarta. Ni ina mata kallon marowaciya, ita tana min kallon mai ƙyamar mutane, kwana uku muna kwana ɗaki ɗaya.

Ki riƙe wannan da kyau, Ummi. Abin da kike ganin kara ne, Linda ƙyama take karantawa. Malam Garba ya ce matar nan tana tuƙa mota fiye da awa guda zuwa wani babban gari don ta sayo miki naman yankan Musulmi. Ta sayi sabuwar tukunya da cokula ta ware su domin ki. Ba 'yarta ba ce ke, ba danginta ba, ba addininku ɗaya ba. Ta yi duk wannan, ke kuma kina saka mata da sunkuyar da kai. In tsoron naman alade ne ke damunki a makaranta, baki gare ki, ki tambaya mene ne a ciki. Matambayi ba ya ɓata, kuma ba wanda zai kama ki don kin tambaya.

Da a ce na yi hankali daga wannan faɗuwar, da sauƙi. Ban yi ba. Na koyi cin shinkafar Sista dai, amma halin yana nan daram.

Shekara biyu da aurena aka ba asibitinmu gurbi ɗaya na babban kwas ɗin jinya a Kano, aka ce ni aka zaɓa. Na zo da takardar gida, zuciyata kamar ta fito don so. Babanku ya karanta ya ce, "Kina son zuwa? In kina so sai mu san yadda za a yi." Ni kuma, 'yar gidan Dada, na lanƙwasa wuya na ce, "Duk yadda ka gani, Malam." So nake ya ce haba, ai wannan ba abin bari ba ne, in ɗan ƙi, ya matsa, sannan in yarda, kada a ce amarya tana ɗokin barin gidan miji. Kin san Babanku, bawan Allah ne mai ɗaukar magana yadda aka ajiye ta. Ya ce, "To, tunda ba ki matsu ba, mu bari sai baɗi." Ya ninke takardar ya miƙo min. Na sa ta a ƙasan akwati ina jiran ya sake tada zancen, har ranar rufewa ta wuce. Baɗi ta zo da cikinki, gurbin kuma bai sake zagayowa kaina ba. Wadda aka tura a madadina ita ce yau take sa hannu a takardar hutuna, in na makara ta dubi agogo.

Na yi shekaru ina riƙe da Babanku a zuciya. Wata rana muka ɗan saɓa, na fasa masa ƙwan, na ce shi ya hana ni karatu. Mutumin nan ya saki baki ya ce, "Ni? Ai na tambaye ki!" Kuma gaskiyarsa. Ya tambaye ni da Hausa, a ɗakina, ba kowa a wurin. In mijin da muka tashi a ƙasa ɗaya, muke jin yare ɗaya, bai iya karanta abin da ke cikina ba, ina kike sa ran Baturiyar da ta san ki mako bakwai za ta karanta naki? Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na yarda, akwai abin da ake haɗiyewa. Amma yunwa da ciwo da abin da kike so a rayuwarki ba sa cikinsu. Waɗannan faɗarsu ake yi, da baki, tun a tambayar farko.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da hannuna na dasa miki wannan. Ba na jin kin tuna. Kina 'yar shekara shida muka je suna gidan Baffanki a Wurno. Wata tsohuwa ta miƙo miki tsokar nama, kika sa hannu biyu kika karɓa, kika ce kin gode, kika kai baki. Mata suka yi dariya, wata ta ce, "Kai, 'yar birni ba ta da fulako." Kunya ta rufe ni. Na kai hannu ta ƙarƙashin mayafi na murɗe miki cinya har sai da naman ya faɗi daga bakinki. Ba ki yi kuka ba, kika dube ni kawai. A hanyar dawowa na yi ta karanta miki: ba a karɓa sai an yi tayi uku, ba a cinye abin da aka zuba, ba a buɗe tukunyar mutane. Kika haddace tsaf, don ke dama duk abin da aka koya miki ba kya yi masa riƙon wasa. Na yi ta alfahari ana cewa 'yar wance akwai kunya. Yau ga ladana, an aiko min da shi daga Amurka.

To ni da na ɗaura, ni nake kwancewa. Wannan doka ta gidan Baffanki ce da gidajen da suka san ta, kuma in kin dawo za ki same ta inda kika bar ta, ba wanda zai sace. Kunya ado ce, ban ce ki tuɓe ta ba. Ki rufe jikinki, ki tsare sallarki, ki girmama na gaba da ke. Amma an ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Jelar mutanen nan ita ce faɗin gaskiyar ciki, kuma ban ga inda addini ya hana ba.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ki ba. Ranar da kika karanta takardar nan, ki sami Linda a kicin. Kada ki tsaya daga bakin ƙofa kina murza yatsu yadda kika saba. Ki shiga, ki ɗaga kai ki dube ta, ki gaya mata da Turancin nan naki da ya ci jarrabawa cewa a garinku baƙo ba ya karɓar abinci sai an yi masa tayi sau uku, kuma ba ya buɗe ma'ajiyar abincin mutane. Ki ce mata yunwa kike ji tun ranar da kika zo. Ki ba ta haƙuri. In ta yi dariya ki taya ta, in ta yi kuka ki bar ta ta yi, haƙƙinta ne. Daga nan ki buɗe firjin nan da hannunki a gabanta, ki ɗauko abin da ke ciki ki ci har ki ƙoshi ƙoshin gaske. In abincin ba gishiri ba yaji, ki faɗa, yajin da na daka miki ai ba don ado na daka ba. Ranar hutu ki karɓi tukunyar ki yi musu dafa-duka, su ma su ga irin namu. Malamar da ke kula da ku kuma ki je da ƙafarki ki yi mata bayani, kada ki bari su yanke hukunci a kan ciwon da babu shi.

Saura abu ɗaya, shi ne na fi jin nauyin rubutawa, har na tashi na zagaya tsakar gida na dawo.

Ranar da za ku tafi, kin gama haɗa kaya, mota tana jira a ƙofar gida, kika zo kika durƙusa kika ce, "Inna, ba za ki raka ni Kano ba?" Na ce miki ina da aiki, Babanku ya isa. Ƙarya na yi. Na ɗauki hutun kwana biyu tun mako guda kafin ranar. Mayafina sabo yana ninke a kan gado, takalmina yana bakin ƙofa. Ke 'yar fari ce, ina jin nauyin a ga ina rawar jiki a kanki a gaban dangin ubanki. Jira nake ki ce, "Haba Inna, don Allah," in ɗan ja, ki sake roƙo, sannan in ce to tunda kin nace. Ke kuma da na yi wa tarbiyya da kyau, kika ce, "To, Inna, Allah ya ba da sa'a," kika tashi. Ina tsaye a tsakar gida na ji tashin motar. Na wuni a ɗaki da hutuna a hannu, ban ga shigarki filin jirgi ba, ban riƙe hannunki ba, kuma wannan ranar ba za ta dawo ba.

Saboda haka bari in fara yin abin da nake umartarki da shi, ba tare da kin tambaya ba. Na so in raka ki. Ina kewarki, kewa mai tsanani, har ba na son wucewa ta ƙofar ɗakinki. Ina son ganinki fiye da komai a duniyar nan, amma ba a ƙarshen watan nan ba. Ki zauna ki gama abin da kika je yi.

Allah ya tsare ki a zaune da tafe, ya tsare miki imaninki da lafiyarki, ya sa albarka a abin da za ki ci da abin da za ki karanta. Allah ya saka wa Linda da mijinta da alheri, ki gaishe min da su, ki ce uwarki ta gode kuma laifin nata ne. Babanku yana sa miki albarka. Allah ya dawo min da ke lafiya a lokacin da aka ɗiba, ni da kaina zan zo Kano tarbarki ko ba wanda ya ce in zo.

Wassalam.

Mahaifiyarki.